Mama Fure, Ɗora Tukunya

Akwai wani mai gyaran waya a Kontagora, Zulkiflu sunansa. Shagonsa na nan kusa da tasha, inda 'yan kabu-kabu ke fakewa idan rana ta take. Yanzu furfura ta fara leƙo masa a gemu, kuma sai ya ɗora tabarau a kan hanci kafin ya iya ganin cikin waya. Amma ka tambayi duk wanda ya yi ƙuruciya a garin nan shekara ashirin baya, zai ce maka ai Zulkiflu mai gidan gem ne, inda yara ke biya su buga wasa a talabijin.

Na san kuna nan a shafin nan, ku da ake aika sayen kalanzir ku ɓige a gidan gem. Yanzu kun zama manyan mutane, kuna zare wa yara ido idan sun taɓa waya. Allah Ya shirye mu baki ɗaya. Ku gyara zama, wannan labarin gidanku ne.

Su biyu suka buɗe gidan gem ɗin, shi da amininsa Markus. Markus Kirista ne, iyayensa daga wajen Rijau suka zo suka zauna tun kafin a haife shi. Layi ɗaya suka taso da Zulkiflu. Tuwon mahaifiyar Markus, Mama Fure, kuwa, Zulkiflu ya ci shi fiye da na gidansu. Idan za ta ɗora tukunya da rabonsa take aunawa, ko ya zo ko bai zo ba. Da azumi ma ita ce ke fara tambaya ko ya sha ruwa.

Wasan da ke tashe a lokacin na ƙwallon ƙafa ne, a faifai yake, ana sa shi a wani ɗan inji a haɗa da talabijin. 'Yan wasan ciki duk Turawa ne, mai sharhin ma Turanci yake yi ta hanci, ba mai gane abin da yake faɗa. Markus yana aikin safe a wani shagon buga takardu, a can ya saba da kwamfuta. Da shegen naci irin nasa ya gano yadda ake buɗe cikin faifan nan a sauya abin da ke ciki.

Sai ya kori ƙungiyoyin Turai gaba ɗaya. Ya sa Tudun Wada, ya sa Rijau da Zugurma da Mashegu. Mai shayin bakin titi ya zama mai tsaron gida, mahaucin layinsu ya zama ɗan baya. Aikin Zulkiflu shi ne zaɓen kalar riguna da raba gardama, don kullum sai wani ya zo yana kumfar baki wai an rage masa gudu.

Abin da ya fi komai shi ne muryar. Markus ya aro kwamfutar ya kai ɗakinsa, ya samo wata makirfo mai araha, ya yi ta kwarara ihu shi kaɗai har ya maye gurbin Baturen nan kakaf. Mama Fure ta zaci taɓuwa ya yi. Ta taga ta ce masa idan ƙarfi ne ya yi masa yawa ga gona can tana jiran mai shi. Ita ba ta taɓa taka gidan gem ba, ba ta kuma taɓa jin abin da ihun ya zama ba.

Idan ɗan wasa ya buga ƙwallo ta bi iska, sai ka ji Markus ya ce, "Wannan ƙafar Zulkiflu ce." Idan kuwa ta shiga raga, sai ya buɗe murya duka, "Mama Fure, ɗora tukunya, ɗanki ya ci!"

Shagonsu ya cika har waje. To a nan ne suka samu saɓani. Zulkiflu so yake faifan ya zama nasu su kaɗai, duk mai son jin Mama Fure sai ya tako shagonsu. Markus kuwa duk mai gidan gem ɗin da ya zo daga wani gari ya roƙa, sai ya kwafa masa a sabon faifai, ya rubuta suna da alƙalamin maka, ya miƙa masa kyauta har da rakiya. Zulkiflu ya yi faɗa har ya gaji, ya ce wannan ba kirki ba ne, wauta ce. Sai da suka yi kwanaki ba sa ga maciji.

Markus bai yi musu mai tsawo ba. Cewa kawai ya yi, "Abin da muka yi don mutane su yi dariya, me zai sa mu kulle shi a ɗaki ɗaya?" Zulkiflu bai yarda ba, tuwon Mama Fure ne dai ya shirya su.

Zamani ya juya. Sabbin injuna suka fito, waya ta shigo hannun kowa, gidan gem ya mutu. Zulkiflu ya koma gyaran waya, ya sayar da kayan shago har da faya-fayan, bai ajiye ko ɗaya ba. Markus ya yi aure, ya auri wata malamar firamare mai suna Deborah. Ba a daɗe ba ya yi hatsarin mota a hanyar Rijau, ya rasu. Lokacin ba a fara wannan aike-aiken murya a waya ba, don haka hotuna kawai ya bari.

Zulkiflu ya yi kuka kamar ƙaramin yaro. Yakan leƙa Mama Fure da Kirsimeti da sallah, amma ba ya iya daɗewa, gidan yana yi masa nauyi.

Shekaru suka wuce. Ran nan da hantsi yana cikin aiki sai ga Deborah da wata baƙar leda. Bayan sun gaisa ta zauna a benci ta gaya masa halin da ake ciki. Idon Mama ya tafi gaba ɗaya. Da tana zama da hoton Markus a cinya, yanzu ko an ba ta sai dai ta shafa. Ta daina shiga madafa, matar da ba ta yarda kowa ya taɓa mata tukunya. Abinci ma sai an yi da gaske take kai loma biyu.

"Baban Rahmat," in ji Deborah, don haka take kiransa da sunan 'yarsa ta fari, "jiya ta ce min ta fara manta muryarsa. Ta ce tana nema a kanta ba ta samu. Wannan ya fi makantar yi mata ciwo."

Ta buɗe ledar. Faifai ne guda ɗaya, ta tsinto shi a ƙasan akwatin Markus, da rubutun hannunsa a kai. Ta ce ta tuna ya taɓa gaya mata muryarsa na ciki.

Zulkiflu ya karɓa. Ya ce mata ta kwantar da hankalinta, wannan ai aikinsa ne tun tana makaranta.

Tana fita ya sa faifan a kwamfuta. Ya yi ƙugi, ya yi ƙugi, ya ƙi buɗewa. Ya juya shi ya ga duk ƙarce ne. To ku tsofaffin 'yan gem kun san abin da ake yi. Makilin ake shafawa, a murza da yatsa, a ɗauraye da ruwa, a goge da gefen riga. Sau nawa suka yi haka a shago faifai ya tashi? Ko tunani bai tsaya yi ba, ya aika aka sayo makilin, ya ɗauko butarsa.

Abin da ya manta shi ne wancan lokacin faya-fayan sabbi ne. Wannan kuwa mai araha ne, ya shekara da shekaru a zafin akwati, fatar bayansa mai ƙyalli ta riga ta fara ɗagowa a gefe. A jikin fatar nan komai yake. Ruwa na shiga ƙarƙashinta ta saluɓe ta biyo yatsansa kamar ɓawon albasa. Ya ɗaga faifan, sai ga shi yana hango titi ta cikinsa.

Innalillahi. Ya zauna a ƙasan shago da ɗan ƙyallin a tafin hannu. Muryar amininsa ce ya wanke da ruwan buta, da hannunsa, saboda gaggawa da ganin ya iya.

Ya so ya ce wa Deborah faifan dama ya lalace, kuma ba mai ƙaryata shi. Bai iya ba. Da la'asar ya same ta a ƙofar gida ya gaya mata gaskiya. Ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Cewa kawai ta yi matsalar ita ce ta riga ta gaya wa Mama, kuma tun rana take tambaya ko Zulkiflu ya gama.

A hanyar komawa ne abin ya faɗo masa. Faya-fayan nan da Markus ya yi ta rabawa, waɗanda shi ya yi ta masifa a kansu, suna ina?

Ya fara da Rijau. Shagon da ya sani ya zama na sayar da taki da maganin feshi, mai shi ya koma wajen Kebbi, ba mai lambarsa. Wani satin ya rufe shago ya tafi Zugurma. Nan ya yi sa'a, mai gidan gem ɗin na nan, ya gane shi, ya rungume shi, ya ce faya-fayan duk suna nan bai zubar ba. Ya ɗauke shi a babur sai gonar shinkafa. Ga su can reras a jikin igiya, suna juyawa suna walƙiya, ana korar tsuntsaye da su. Rana da ruwan sama sun cinye su tas. A jikin ɗaya Zulkiflu ya ga ragowar rubutun Markus. Ya kwance shi ya sa a aljihu duk da ya san babu komai a ciki.

Duk dawowar da ya yi sai Deborah ta kira. Mama na tambaya. Kuma jikin nata ƙara saki yake yi.

A Mashegu aka ce masa mai gidan gem ɗin ya rasu tuni, amma ƙaninsa na wani ƙauye a ciki, wataƙila ya san inda kayan suka shiga. Gaskiya Zulkiflu ya riga ya fid da rai. Ya hau kabu-kabu ne kawai don kada ya koma gida ya ce bai je ba.

Ɗan kabu-kabun, wani magidanci mai suna Nuru, ba mai yawan magana ba ne. Hanyar daji ce, ƙarshen damina, ga wani rafi da ya yanke ta. Nuru ya ce ya riƙe da kyau. Suka faɗa ruwan, babur ya yi tangal-tangal, ya yi kamar zai mutu, da ƙyar ya haye gaɓa. Suna hayewa Nuru ya yi 'yar dariya, ya ce a ƙasan maƙoshi, "Mama Fure, ɗora tukunya."

Zulkiflu ya damƙe masa kafaɗa har suka kusa kifewa. Ya tambaye shi a ina ya ji wannan magana. Nuru ya yi mamaki, ya ce ai kowa na faɗa a yankinsu, idan mutum ya tsallake wata wahala ko ya sayar da doya da daraja. Daga gem ɗin shagon Ndayako mai aski aka samo ta, tun suna samari suke bugawa, har gobe ana bugawa. Da ya ji sunan fasinjan nasa kuwa sai da ya tsayar da babur ya juyo ya dube shi da kyau, ya dubi ƙafarsa, dariya ta ƙwace masa. Ya ce a garinsu ko mace ta jefi kaza ta kuskure, cewa ake yi ƙafar Zulkiflu ce.

Zulkiflu ya ce a fasa neman ƙanin, Nuru ya kai shi shagon Ndayako. Tun daga bakin kasuwar ƙauyen ya jiyo ta. Ƙarar janareto, ƙarar injin aski, sai kuma muryar Markus tana fitowa daga wata tsohuwar talabijin, garau, kamar jiya suka rabu. Ya dafa ƙofar shagon ya tsaya yana saurare.

Ndayako Banufe ne, mai faɗin fuska da fara'a. Ya ce yana saurayi ya je Kontagora koyon aski, kullum yana raɓewa a ƙofar gidan gem. Da zai dawo gida ya roƙi Markus, Markus ya kwafa masa. Shi kansa ya tuna akwai wani a shagon da ya haɗe rai ranar, amma bai faɗi ko wane ne ba, Zulkiflu ma bai tambaya ba. Da idon injinsa mai karanta faifai ya mutu sai ya kai faifan aka juye masa a filash. Daga wurinsa wasu suka kwafa, daga wurinsu wasu, har wani ya ƙara ƙungiyoyin ƙauyukansu a ciki. Ya ce tun da kyauta aka ba shi, bai taɓa hana kowa ba.

Sai ya tambaya ina Markus yake yanzu. Da ya ji, ya kashe injin askin, ya bar kan mutum rabi, ya zauna. Can ya ɗago ya ce, "Mama Furen fa? Na zaci suna ne kawai ya ƙirƙira. Ashe akwai ta?"

Zulkiflu ya ce akwai ta, kuma saboda ita ya zo.

Ndayako ya juye masa komai. Da zai tafi ya shiga gida ya fito da manyan doya, ya ɗaure a bayan babur da kansa. Ya ce a gaya wa Mama shekara da shekaru suna sa ta ɗora tukunya ba su taɓa kawo cefane ba, ta yafe musu.

Zulkiflu ya dawo Kontagora ya duƙufa. Wannan karon bai yi gaggawa ba, sai da ya kwafi abin a wuri uku kafin ya taɓa shi. Ya yi ta fama har wasan ya tashi a kwamfutarsa, daga baya ya samo yadda zai yi aiki a waya. Ƙungiyoyin ƙauyen da aka ƙara ya bar su. A bayan muryar akwai wani bugu dum, dum, da ya so ya goge don sauti ya fita tsaf, da ya saurara da kyau sai ya janye hannunsa. Ya kuma yanke shawara duk wanda ya zo shago yana so, zai tura masa kyauta.

Ran Asabar da yamma ya ɗauki kwamfuta da hannun gem da doyar Ndayako ya nufi gidan. Mama Fure na zaune a tabarma ƙarƙashin mangwaro, ta rame har ya ji tsoro. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta shafa kansa ta ce ya tsufa. Ya ba ta labarin mai aski da saƙonsa, ta saurara, amma da alama ba ta gane abin da ya haɗa ta da doyar ba.

Deborah ta ce ya kunna muryar kawai. Ya ce a'a, yana so Mama ta ji ta yadda mai ita ya shirya ta. Ya zaɓi Tudun Wada, aka take wasa.

Yatsun sun manta aiki. Ya samu ƙwallo a gaban raga, shi da mai tsaron gida, ya ɗaga ta sama.

"Wannan ƙafar Zulkiflu ce."

Mama ta juya da sauri wajen ƙofar gida, inda Markus ya saba shigowa. Ta daɗe a haka. Sannan dariya ta fito mata tare da hawaye. Ta ce, "Shi ne. Har yanzu bai bar tsokanarka ba."

Ta matso da kunnenta. Ta tambaya wane ne ke daka a bayansa. Zulkiflu ya ce ita ce, ranar tana tsakar gida shi yana ɗaki yana ihu. Ta gyaɗa kai ta ce lallai turminta ne, wanda ya tsage, ta san ƙararsa.

Ya ci gaba da bugawa, ido ya cika da ruwa, da ƙyar yake ganin allon. Ya ɓarar ta biyu, ya ɓarar ta uku, Markus na ta yi masa tsiya. Can Allah Ya taimake shi, mahaucin layinsu ya sa kai, ƙwallo ta faɗa raga.

"Mama Fure, ɗora tukunya, ɗanki ya ci!"

Deborah ta toshe baki da gefen zane. Mama ba ta san da wannan ba, ba wanda ya taɓa gaya mata ihun da ta yi ta yi wa faɗa sunanta ake kira. A hankali ta tambaya ko kullum haka yake cewa. Zulkiflu ya ce duk ƙwallon da aka ci, a Kontagora da Rijau da Zugurma da ƙauyukan da shi ma bai san sunansu ba, tun wancan lokacin har yau.

Ta shafa tabarma. Sannan ta miƙa hannu sama ta ce, "Deborah, kama ni."

Deborah ta ɗaga ta, ta tambaya ko ɗaki za ta.

"Madafa," in ji Mama. "Ba ki ji yaron ya ce a ɗora tukunya ba? Kawo min doyar mutumin nan da wuƙa."

Da lalube ta fere doyar, ba ta bari kowa ya karɓa ba. Ta ce a ƙara ɗaya, Zulkiflu a nan zai ci. Ranar ita ma ta cinye nata tas.

Darasi: Abin da ka ƙanƙame kai kaɗai, kuskure ɗaya ya isa ya raba ka da shi. Abin da ka bayar da zuciya ɗaya kuwa yana nan ajiye a hannun mutane, kuma zai dawo wa naka ranar da suka fi bukatarsa, ko kana raye ko ba ka nan. Kada ka kira mai kyauta wawa, kuma idan ka yi ɓarna ka faɗi gaskiya ka tashi ka nemi gyara. Ku tura wa abokan da kuka yi gidan gem tare, sannan wanda mahaifiyarsa ke raye ya kira ta yau ta ji muryarsa.